Lambun Ilu a Kan Ruwa

Ilu mutumin tudu ne, haifaffen wani ƙauye a bayan Gagarawa Tasha, kuma tun da aka haife shi bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. Gero ya sani, da wake, da kiwon awaki. Lambunsa ɗaya ne tal, a cikin wani kwari, can matarsa Asama'u take samun ganyen miya. To, shekara biyu a jere damina tana mai da kwarin nan tafki, ta cinye duk abin da aka shuka.

Babbar damuwar gidan ita ce iri. Asama'u tana da wani jan alayyafo mai faɗin ganye wanda ta taho da shi daga hannun mahaifiyarta a Damagaram, ba a samunsa a kasuwa. Tsohuwar ta rasu, irin da ya rage kuma bai cika tafin hannu ba, yana ƙulle a tsumma cikin kwalla.

A kasuwar Maigatari ne wani masunci daga wajen Haɗeja ya kwatanta wa Ilu dabara. A ɗaure karan dawa dami-dami kamar gadon kara, a sa jarkoki marasa komai a ƙasa, a shimfiɗa buhu, a zuba taki da ƙasa, a shuka. Ruwa ya hau, lambu ya hau. Ilu ya dawo gida yana rawar jiki. Sai da ya yi kwana uku yana lallashi kafin Asama'u ta kwance tsumman.

"Malam, shi ke nan fa," in ji ta. "In ya tafi, ba ni da wata uwar da zan koma wa."

Ya shuka a farkon damina, lokacin ruwan kwarin iya ƙauri. Ya kafa turke, ya ɗaure gadon yadda ya saba ɗaure akuya: igiya gajera, ƙulli mai ƙarfi, don kada ta kai ga gonar maƙwabci. Wayyo, Ilu! Masuncin bai yi maganar igiya ba, don a garinsu ko yaro ya san doguwa ake sawa.

Alayyafo ya tsiro, ya yi jajir, har mutanen ƙauye da suka yi masa dariya da farko suka koma leƙe. Ilu kuwa hankalinsa bai kwanta ba. Da ya ga hadari ya haɗu a gabas, sai ya nufi kwarin dubawa. Ko ganye ɗaya ya hana a tsinka, jira yake ya yi kai ya zuba iri.

A watan Agusta aka yi ruwan kwana biyu ba ƙaƙƙautawa. Da safiya ta uku ya isa bakin kwarin, ya tarar turken ya ɓace ƙarƙashin ruwa. Jarkoki suna neman ɗaga gadon sama, igiya tana jan sa ƙasa, gefe guda ya riga ya nutse, ƙasa tana zarewa da shuka a kanta. Nan take ya gane abin da ya aikata, kunya da tsoro suka rufe shi.

Ya tuɓe riga, ya ciji wuƙa, ya shiga. Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, laka tana riƙe masa ƙafa. Da ya laluba ya yanke igiyar, gadon ya yi sama, iska kuma ta fara tura shi tsakiyar tafki. Sai ya rungume gefensa ya tsaya, ruwa a wuya. Gaba ba dama, baya kuma sai ya saki.

A haka Asama'u ta same shi, don ta ga bai dawo karin kumallo ba. Ta juya da gudu, ta kwanto igiyar guga, ka san rijiyoyin ƙasar nan da zurfi. Sau uku tana jefawa kafin ya cafke. Bawan Allah, maimakon ya riƙe, sai ya tsaya ƙulla ta a jikin gadon da hannu ɗaya, yana kurɓar ruwa.

"Malam, sake shi ka fito."

Bai saki ba. Dole ta ja su tare, shi da lambun, har gaɓa. Tushe tara ne suka rage a tsaye. Ilu ya zube a kan yashi yana tari, yana nuna mata su da yatsa.

"Ga su nan, za su yi iri."

Asama'u ko kallonsu ba ta yi ba. Tafin hannunta duk ya saɓule.

"Ba su na jefa wa igiya ba," in ji ta. "Kai na jefa wa."