Baƙin Zare a Cikin Gilashi

Maigidana yana tara kofunan falwaya. Na san sai na yi bayani, don duk wanda na gaya wa haka sai ya ce, "Kofunan me?" Gilasan nan ne masu kauri da ake ɗaurawa a saman turakun wayar tangaraho a zamanin da, a naɗe waya a wuyansu don kada wuta ta bi itace ta sauka ƙasa. Kowanne bai fi kofin shayi girma ba, kuma a kife yake zama. Shi a kwatas ɗin reluwe ya tashi a Zariya, inda suke harbin farare na tangaran da danƙo suna yara. Da muka zo London ya ga na gilashi a wata kasuwar 'yan gwanjo, kore shar, shi ke nan ciwo ya kama shi.

Gidanmu a Croydon yana da faffaɗar taga a falo, to nan ya buga musu katakai ya jera su, kore da shuɗi da ruwan zuma. In tram, ƙaramin jirgin ƙasan cikin gari, ya wuce ta bayan layinmu sai ka ji suna ɗan kaɗawa ƙis-ƙis. Ni dai ban taɓa sonsu ba, ba zan yi ƙarya ba. Wasu mazan ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali, wasu siyasa, nawa kuwa kwalabe. Amma tunda ba ya fita yawon banza, kuma shi yake goge abinsa, na zuba masa ido.

'Yarmu ta fari a nan aka haife ta. Tana jin Hausa, sai dai ta mayar maka da Turanci. Bayan ta fara aiki ta kawo mana wani yaro mai hankali, irin wanda in ya zo gaishe ka sai ya durƙusa ko a kan kafet ne. Mutanen Kano ne, masu hali, suna da gida a unguwar Marylebone inda suke sauka in sun zo ganin likita. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, yayar mahaifin ce ta riƙe shi, kowa Gwaggo yake ce mata. A gidan nan maganarta ce yankan wuƙa. In ta ce a je neman aure a je, in ta yi shiru kowa ya koma ya zauna. Yarinyar kuwa ta riga ta mutu a kansa, ni uwarta ina gani.

Wata Lahadi da la'asar, lokacin sanyi, yaron ya zo, ya yi kuskuren tambayar maigidan labarin gilasan. Wanda ya shekara yana neman mai saurare, ai ya samu. Ya ja labule, ya kashe fitila, ya ɗauko wata 'yar tocila mai shuɗin haske ya haska su. Wasu daga cikin tsofaffin gilasan in hasken nan ya taɓa su sai su yi wani kore kamar idon mage, saboda sinadarin da aka haɗa su da shi. Yaro ya ga abin mamaki, ya ɗauka a waya, ya tura group ɗin gidansu don ya nuna musu surukin da zai samu. Da alheri ya yi, Allah ya gani. Sai dai abin da ya isa Kano shi ne dattijo a ɗaki mai duhu, da kifaffun kofuna suna ci da koriyar wuta, yana magana ƙasa-ƙasa a kansu.

Mu ba mu san wainar da ake toyawa ba. Mun dai ga ranar da aka ce manya za su je wajen ƙanin maigidan a Zariya an ɗaga ta, aka sake ɗagawa, daga nan aka daina maganar. Ran nan na dawo daga asibiti, don ni ungozoma ce, na tarar da yarinyar zaune a kan matakala, ko rigar sanyinta ba ta cire ba. Ta ɗago ta ce, "Mama, mene ne tsafi?" Ko faɗar kalmar ba ta iya daidai ba. Na zauna kusa da ita da jakata a hannu.

Da na ji yadda aka yi, ban jira maigidan ya gama cire takalmi ba na tare shi. Na ce, "Malam, yau ɗin nan za ka kwashe tarkacen nan ka kai su saman silin. Shekara nawa ina haƙuri da su, yanzu kuma za su ci auren 'yata?"

Ya bari na gama tas, sannan ya ce, "Gwaggo ta riga ta gan su a waya. In ta zo ta tarar da taga wayam, me za ta ce mun ɓoye?"

Gaskiyarsa ce, kuma ita ta fi ba ni haushi. Na shiga kicin na huce a kan tukwane.

Da sanyi ya ja baya Gwaggo ta zo London duba ƙafarta, ta aiko cewa za ta zo mu gaisa. Na san ba gaisuwa ba ce. Na shiga bas har kasuwar Peckham na haɗo kabewa da alayyahu da daddawa, na yi masa da miyar taushe, na dama kunun gyaɗa. Ta iso da direba da wata ƙanwarta. Doguwar tsohuwa ce mai sanda, ba ta da hayaniya ko kaɗan, kuma na fi tsoron irinsu. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, ta tambayi mutanen gida. Na jera abinci a gabanta. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Hajiya," ta ɗauki kofin ruwa ta riƙe. Har masa ta huce ba ta kai komai bakinta ba, ƙanwar ma da ta miƙa hannu sai ta janye. A gidana, abincin da na dafa da hannuna, ana tsoron a ci. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, amma na haɗiye, na ci gaba da murmushi har kumatuna suka gaji.

Can ta juya wajen maigidan ta ce, "Malam, waɗannan su ne?"

Ya ce su ne. Ya fara bayani a hankali, ba irin zumuɗin da ya saba ba. Ya ce wannan daga Amurka ya zo, wancan daga Faransa, a kan turakun hanyar jirgin ƙasa suka yi rayuwarsu. Ya ɗauko tocilar ya miƙa mata ta gani, ba ta karɓa ba. Ta dogara sandarta ta miƙe, ta bi katakan nan ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Na san abin da take karantawa, don ni ma shi nake karantawa in zan shiga wurin da ban yarda da shi ba. Yarinyar tana tsaye a bakin ƙofa da faranti, ta kasa shigowa ta kasa komawa.

Gwaggo ta tsaya a kan guda ɗaya. Ta naɗe hannunta da gefen mayafi ta ɗauke shi, ta ɗaga shi wajen haske. Ruwan zuma ne, kuma a can cikin naman gilashin akwai wani baƙin zare da ya murɗe tun daga sama har ƙasa, kamar gashi.

Ta ce, "Wannan me aka sa a ciki?"

Ya ce, "Ba sawa aka yi ba, Hajiya. Datti ne ya faɗa cikin narkakken gilashi ranar da ake yin sa. Kamata ya yi ma'aikatan su yar da shi, sai ya tsallake musu. Irinsa ba su da yawa, shi ya sa masu tarawa suke nemansa."

Ta ce, "Wato abin da ya kamata a yar, shi kake nema."

 Tram ya wuce, sauran gilasan suka kaɗa, ƙanwarta ta gyara zama.

Sai ta ce, "To tunda kwalba ce kawai, Malam, a ba ni wannan in tafi da shi."

Nan na gane tarkon, kuma tsohuwar ta iya ɗana shi. In ya hana, to akwai abin da ke ciki wanda ba ya iya rabuwa da shi. In ya bayar, ya bayar da abin da ya fi so a duk abin da ya mallaka. Na san tarihin gilashin nan. Wajen wani tsohon Bature yake a can arewacin Ingila, maigidan ya yi ta sintiri shekara da shekaru, ya je su sha shayi ya dawo hannu rabbana, sai da tsohon ya ga ƙarfinsa ya ƙare sannan ya kira shi ya ce ya zo ya ɗauka. Ko ni matarsa bai taɓa bari na sa masa tsumma ba. Zuciyata ta ce in ce, Hajiya, zaɓi wani. Har na buɗe baki, sai na haɗa ido da yarinyar, na rufe bakina.

Maigidan bai kalli kowa ba. Ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da ƙaramin tawul fari, ya karɓi gilashin ya naɗe shi, ya miƙa mata da hannu biyu. Ya ce, "Ai naki ne, Hajiya. Abu ɗaya kawai, kada a wanke shi da ruwan zafi, yana tsagewa."

Ta ce, "Madalla." Ta sa a jaka, suka yi sallama. Na kwashe abincina yadda na jera shi.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu kamar gidan makoki. Yarinyar ba ta ci, wayarta na ƙara sai ta zabura. Shi kuma ya dawo aiki ya zauna a kujerarsa, ya bai wa tagar baya, abin da bai taɓa yi ba. Ni a ɗakin haihuwa ina ce wa mata su ja numfashi su saki, ni kaina na kasa. Tsoro nake ji, na kuma ji haushin kowa: tsohuwar, da yaron da wayarsa, da maigidan da kwalabensa, har da Baturen da ya ba shi.

Wata Juma'a da hantsi ina hutu sai ga direban Gwaggo da kaya niƙi-niƙi, kwalin dabino, turare, atamfofi, da wata 'yar jakar takarda. Kafin in rufe ƙofa Gwaggo ta kira ni a waya. Muryar ma ta canza, yau ni ce "ƙanwata".

Ta ce, "Ƙanwata, ku yafe mana, zato zunubi ne. Na nuna wa malaminmu na Kano ta waya, ya ce ba a gane abu daga waje, a buɗe a gani. Direba ya buɗe. Ashe toka ce kawai, ba komai. Alhamdulillahi, hankali ya kwanta. Na ce wa maza su shirya su je Zariya. Ga kayanku nan na mayar, ni ba na riƙe abin mutane."

Na yi godiya. Wallahi na yi godiya, da bakina, har da "Allah ya saka da alheri". Da na ajiye wayar na buɗe jakar. Tawul ɗin ne, a ƙulle. Da guduma aka buɗe gilashin.

Na sa mayafi na ɗauki makulli, niyyata in shiga jirgin ƙasa har Marylebone in zazzage mata gutsattsarin a cinya. Na kai ƙofa na tsaya. In na je, na huce, aure kuma ya mutu a hannuna. Na dawo na zauna da mayafin a jikina har maigidan ya dawo daga masallaci.

Na gaya masa saƙon farko, ya ce alhamdulillahi, ya maimaita. Sannan na tura masa tawul ɗin a kan tebur. Ya kwance. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa yana juya gutsattsarin har ya samo wanda ragowar zaren yake ciki, ya ɗaga shi wajen taga kamar yadda ya saba.

Na ce, "Ka yi magana mana, Malam. Ka zage ta ko sau ɗaya ne in ji sanyi."

Ya ce, "Sun ga cikinsa, sun yarda. Ai ya yi aikinsa."

Sai muka ji makulli a ƙofa, da muryar yarinyar tana dariya a waya, dariyar da muka kwana biyu ba mu ji ba. Yaron ya riga ya gaya mata. Kafin in motsa maigidan ya tattare gilasan da tafin hannunsa ya cusa a aljihun riga, tawul ɗin ya tura ƙarƙashin kwalin dabino. Ta shigo da gudu ta rungume ni, ta juya ta rungume shi, shi da ko sunanta ba ya kira saboda kunyar 'yar fari. Ya tsaya ƙiƙam, hannu ɗaya a aljihu. Ni kaɗai nake ganin jini yana fitowa ta jikin farar shaddar.

Ta tambaye shi da Turanci ko Gwaggo ta dawo masa da gilashinsa.

Ya ce, "Na bar mata. Ta ce ya burge ta."

Da ta hau sama na ja shi kicin, na zare masa tsinin gilashi daga tafin hannu, na wanke na ɗaure. Ina ɗaurewa ina kuka, shi yana kallon silin. Ya ce, "In kika gaya mata, ban yafe ba."

An yi biki, an tare, har sun samu ƙaruwa. Gwaggo yanzu tana cin masata har ta nemi ƙari, ni kuma ina zuba mata, Allah dai ya san zuciyata. Bara da za su je Kano kai jaririn dangi su gani, yarinyar ta zo sallama. Ta tsaya a gaban tagar ta ce in ta je gidan Gwaggo za ta nemo gilashin nan ta ɗauko masa hotonsa, ta san yana kewarsa.

Ya ce, "Ki bari, kada ki dami tsohuwa."