Kafinta Mai Gwada Dandamali

Shi dai Kafinta bai taɓa cewa shi mawaƙi ba ne, abin a bakin aiki ya same shi. Mai gidan shayin da ke ƙarshen layinsu, wata mata mai son jama'a da kowa ke kira Anti, ita ta ba shi aikin ɗan dandamali. Ta ce duk yammacin Alhamis za ta kafa makirufo, duk mai waƙa a ciki ya hau ya amayar, ba gasa ba alƙali.

Ya haɗa shi da ragowar katakon shagonsa, ya goge shi sumul. To shi a ƙa'idarsa ba ya miƙa aiki sai ya gwada, kujera ce ya zauna, gado ne ya kwanta. Ya hau, ya buga ƙafa, ya ɗan yi tsalle. Ga makirufo a gabansa a kunne, ga mutane sun fara taruwa kowa na noƙewa. Sai kawai ya saki waƙar da yake yi idan yana fere katako, ta wani kabad da ya ƙi shiga ƙofar mai shi. Duk inda baiti ya ƙare sai ya ce, “A juya shi!” Kafin ya sauka ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki amshin.

Muryar fa? Allah ya ba ta ƙarfi, daɗi ne dai ba rabonta ba. Kamar zarto ya ci karo da ƙusa. Amma abin mamaki, yana sauka sai ka ga ana rige-rigen hawa. Wata nas ta zo da jita, wani direban tasi da sarewa, akwai malamin makaranta da kullum sai ya manta baiti na biyu, jama'a su tuna masa. Ba a yi wa kowa ihu. Wanda ya sauka, ko ya iya ko ya kwafsa, Anti ta miƙa masa shayi mai zafi a tafa masa. Nan direba ya gano sarewarsa na tafiya da jitar nas, suka koma hawa tare. Haka abin ya zama al'ada: ba a fara komai sai Kafinta ya gwada dandamali.

Shi kuwa har zuciyarsa ya ɗauka daɗin muryar ake ji. Ran Alhamis da wuri yake rufe shago, ya wanke garin katako daga gashinsa, ya fesa turare.

Rannan sai autarsa ta dawo daga aiki fuska a murtuke. Auta yarinya ce mai kamun kai, ko a ɗakin girki ba wanda ya taɓa jin ta yi waƙa. Ashe wani ya ɗauki baban a waya, bidiyon ya zaga har ofishinsu, ana ta ƙyaƙyatawa. Ta ajiye masa wayar a gaba. Ya saurara, ya ƙara saurara, ya tambaya ko wayar ce ta lalace. Auta ta ce lafiyarta ƙalau.

Ya juya wajen matarsa da ke ninke kaya. “Don Allah ki gaya min gaskiya, haka nake?”

“Haka kake tun da na san ka,” in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Na taɓa cewa ka yi shiru?”

Ba ta taɓa ba, amma kunya ta riga ta kama shi, kuma ta yi masa ciwo ƙwarai. Alhamis ta zo ya ce bayansa ke ciwo. Ta gaba ma haka. A shago ya koma fere katako baki gum, har maƙwabcinsa mai walda ya leƙo yana tambaya ko rasuwa aka yi. A gida kuma Auta sai satar kallonsa take yi, ta rasa ta inda za ta fara.

Ran Alhamis ta uku sai ga saƙon Anti, wai katako ɗaya na motsi, ya zo ya duba kafin wani ya karye. Waƙa dai ya bari, amma a ce aikinsa na motsi? Ya ɗauki guduma ya fita, har ya manta gwangwanin ƙusoshi a bakin ƙofa.

Ya tarar da ɗaki cike, makirufo tsaye shi kaɗai. Direba na cewa malam ya fara, malam na cewa ai mata ne a gaba, kowa ya sunkuya kan wayarsa, shayi na hucewa. Anti ta ce haka suka yi makon jiya, har aka watse mutum biyu ne suka hau, su ma kamar an aiko su.

Ya ce wa nas a hankali, ashe dariya suke masa. Ba ta musa ba.

“Muna dariya, Baba. Amma in ka sauka sai kowa ya ce, to ni me zai hana ni? Da ba ka hau ran farko ba, da har yau jitata na ƙarƙashin gado.”

Maganar ta yi masa zafi ta kuma yi masa daɗi, ya rasa wanne ya fi. Ya durƙusa ya bi katakon ɗaya bayan ɗaya. Ba abin da ke motsi, Anti kuwa ta kau da kai tana goge kofin da ta riga ta goge. To amma aiki ba ya tabbata sai an gwada. Ya hau, ya buga ƙafa.

Ya soma waƙar kabad. Yanzu da ya san yadda take fita, sai muryar ta shiga rawa, ta ma fi da muni. Ya kai ƙarshen baiti, sai ya kasa faɗin amshin.

“A juya shi!”

Daga bakin ƙofa ta fito, da ƙarfi, a karkace, zarto da ƙusa sak irin tasa. Kowa ya waiwaya. Auta ce tsaye da gwangwanin ƙusoshi a hannu, kunya kamar ta nutse, amma ba ta fasa ba, ta sake maimaitawa. Anti ta ce lallai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ɗakin ya kece da dariya ya ɗauki amshi.

Kafinta ya goge ido da bayan hannu ya shiga baiti na biyu. A gefen dandamali nas ta riga ta fara ɗaure igiyar jitarta.