Kalandar Shagon Zoɓo

Shekara huɗu na yi a garin Greensboro, can ƙasar Turawa, ban je ko'ina da ƙafata ba, kuma laifin Alhaji ne, maigidana. Mota ɗaya gare mu, shi ke tuƙi. Duk sanda na ce ya koya mini sai ya ce, "Hajiya, saurin me kike? Ina za ki da ban kai ki ba?"

Benenmu yana bayan titin da ake kira High Point Road. Tagar kicin ɗina itatuwa take kallo, dogaye, a cunkushe, kore kan kore. Ni da na tashi a ƙauyen Damagaram, inda kake hango baƙo tun yana ɗigo har ka gama dama masa fura bai iso ba, ga ni inda ido ba ya wuce taku ashirin.

Fitata biyu ce: ajin manya, inda na fara riƙe fensir da furfura a kaina, sai shagon wata 'yar Meziko da ke sayar da zoɓo da barkono. Ita ta ba ni wata kalanda. Na rataye ta kusa da murhu saboda kwanan wata, sai zanen da ke kai ya hana ni sakat. Wani kwari ne mai faɗi, an hango shi daga kan tudu. Da harafi ɗai-ɗai na karanta rubutun ƙasansa, na gane zanen ya haura shekara ɗari.

Malamarmu da na nuna mata ta yi ta maganar haske da girman ƙasa. Ban musa mata ba, amma ni tafiya na gani. Duwatsun gaba jajaye ne, ruwan ƙasa, har da tsaga da ƙaya: nan kake tsaye. Koren da ke bi musu, wanda ya ɗan sha rawaya, kafin rana ta take ka isa. Bayansa akwai tafki fari-fari, da gari kamar an watsa tsakin gero, wannan sai da guzuri. Daga nan komai ya koma shuɗi, shuɗin yana koɗewa kamar tsohon zanen da ya sha wanki, har ya kai ga duwatsu biyu masu farin kai. Haka nisa yake. Wanda ya zana wannan ya taɓa tafiya a ƙasa har ƙafarsa ta yi kanta. A ƙasan zanen ma ga wata mace ƙanƙanuwa da kaya a bayanta, ba ta jiran kowa ya ɗauke ta.

Ran wata Laraba da la'asar Alhaji ya dawo ya ce an canja masa lokacin aiki, daga gobe tun asuba zai fita.

"To ajina fa?"

"A bari sai baɗi. Boko ai ba gudu zai yi ba."

"Ni ce ke gudu, Alhaji. Shekarata nawa?"

Ya yi dariya yana cire takalmi. "Nan ba Damagaram ba ce. Ba a tafiya a ƙasa a garin nan, ko hanyar ƙafa babu. Mota ta kwashe ki in ce wa yara me?"

Na koma kicin na ɗora tukunya. Na dubi taga, kore ya toshe ta. Na dubi kalanda. Ajin nan da Alhaji ke kai ni a mota cikin minti goma, in da babu itatuwan nan na rantse ko shuɗi bai fara ba. Cikin koren farko yake, tafiyar hantsi.

Washegari da motarsa ta fita, na ɗaura zane na tamke, na sa takalmin 'yata na gudu, na jefa littafi da gorar ruwa cikin jaka. Na sauka bene, na hau ciyawar gefen titi, motoci suna wuce ni suna kaɗa mini mayafi, na miƙi hanyar aji.