Kazata a Hular Barista

Jama'a, da furfura na koyi rubutu, ga dariya ta ƙi barina, ku yi haƙuri!

Ɗana lauya ne a Kano. Ya zo garinmu Rurum a rame, ba ci ba barci, kullum waya a kunne. Yau zai koma, sai ya tarar kazata ta kwanta kan ƙwai cikin farar hularsa ta kotu.

"Inna, a ɗaga ta, ina da shari'a."

"Barista, a gidan nan ba a tayar da kaza daga kan ƙwai."

Ya fashe da dariya, ya kira ofis ya nemi hutu. Ga shi can gindin mangwaro yana minshari.

Iyayen lauyoyi, ku da me kuke tsayar da naku?