Sanda a Maƙogwaron Fusae

Duk wanda ya taɓa sayen sandar kamun kifi a garinmu Katata ya san maƙogwaron Fusae Kitagawa. Ba wasa nake yi ba. Shagonta na jikin garejina, bango ɗaya ne tsakaninmu. Ni ina gyaran injin jirgin ruwa, ita tana sayar da kayan kamun wani kifi da ake kira bas, kuma tun gashina yana baƙi nake kallon abin da take yi wa mutane.

Za ka shigo da taƙamarka, ka nuna sandar da ka gani a mujalla. Ko kallonta ba za ta yi ba. Hannunka za ta kama, ta juya shi, ta matsa yatsun kamar mai zaɓen kabewa. Sai ta zaro wata sandar daban ta miƙa maka gindin, ta ba ka auduga ka toshe kunne, ta ce rufe ido. Ita kuma ta ɗora bakin sandar a maƙogwaronta, ta fara jero tashoshin jirgin ƙasan gefenmu: Katata, Ono, Wani, Horai, Shiga, Hira, Omi-Maiko. In ka ji rawar muryarta a tafin hannunka, ka ɗaga yatsa. In ba ka ji ba, ko birgima za ka yi a ƙasa ba za ta sayar maka ba.

"Sandar da ta kasa kawo maka muryata," in ji ta, "ita ce za ta kawo maka cizon kifi a ƙarƙashin ciyawa?"

Abin dariyar, matar nan ba ta taɓa kama ko ɗan kifi ɗaya ba. Da ta taka jirgin ruwa cikinta yake juyawa. Mahaifinta masunci ne, mai jefa raga a Tafkin Biwa, kuma har ya mutu yana tsine wa bas, baƙon kifin da ya cinye masa 'ya'yan kifayen gargajiya. Ita ta mai da rumfar ragarsa shagon sanduna. Da tsohon ya yi faɗa, sai ta ce masa, "Baba, ai kayan fitar da su nake sayarwa." A nan ta haɗu da Katsutoshi, abokina tun na firamare. Ya zo sayen sanda, ana cikin gwaji ya buɗe ido ɗaya yana leƙenta. Ta maka masa sandar a ka. Kafin shekara ta zagayo an yi biki.

Katsutoshi ya zama mai kai baƙi kamun kifi, kuma ba don abokina ne ba, hannun damansa abin tsoro ne. Yakan ce maka yanzu dalmar da ke bakin zarensa ta taɓa dutse, yanzu laka, yanzu kifi ne yake shinshina bai yanke shawara ba. Bara cikin sanyi sai ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo. Hannun ma ya dawo yana motsi, amma ba ya jin komai, sai ka ce na wani aka ara masa.

Da bazara ta shigo na kai shi ruwa sau ɗaya. Ina kallo zare ya yi tafiya gefe, kifi ya ɗauka ya tofar, shi ko yana zaune bai sani ba. Ni da bakina da ba ya shiru na ce, "Kai, Katsu, barci kake yi?" Ya dube ni, ya naɗe zarensa, ya ce mu koma. Daga ranar ya shiga ɗakin bayan shago ya zauna gaban talabijin.

'Yarsu Mihoko ta zo daga Osaka da maganarta a shirye. Ta samo wa uban ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da ita. A sayar da jirgin ruwansa. Uwar ta ci gaba da shago, ta riƙa zuwa dubiya ranar hutu. Ina tsaye a ƙofa da sifana a hannu lokacin da aka yi maganar.

"Na yarda," in ji Katsutoshi. "Mutumin da ba ya jin kifi, me zai zauna yi a bakin tafki?"

Fusae ta ajiye kofin shayi da ƙarfi. "Baban Mihoko, hannu nawa gare ka?"

"Mama, don girman shekarunki, ki bar shi ya huta."

"Ke na tambaya? Ki ba ni zuwa a gama yankan shinkafa. In ya ji kifi da hannunsa, ba wanda ya gaya masa, yana nan. In bai ji ba, ni zan haɗa masa kaya."

Mihoko ta juyo gare ni. "Kawu Shozo, ka yi mata magana mana."

Ni? Matar da na kasa sa ta matsar da kwandon shararta daga ƙofata tun kafin a haifi yarinyar? Na ce injin wani yana jirana.

Washegari aka fara. Fusae ta kwashe sandunansa gaba ɗaya, dogayen nan masu kauri da yake alfahari da su, ta jingine a garejina ba tare da ta tambaye ni ba. Kowace safiya kafin a buɗe shago sai ta zaunar da shi a kujera, auduga a kunne, ta ɗaure masa ido da tawul, don ta san halinsa. Sanda a hannun hagu. Katata, Ono, Wani. Shiru. Ta canza wata. Katata, Ono, Wani. Yatsa bai motsa ba. Hannun da shekara da shekaru aikinsa juya keken naɗe zare kawai, yanzu an ce ya koyi saurare.

Na sha jin su ta bango.

"Ki bar ni haka, ke! Kin mai da ni ɗan makaranta."

"Ɗan makaranta ya fi ka, shi ba ya gunaguni. Sassauta riƙon. Ka shaƙe ta kamar wuyan kaza, ta ina za ta yi maka magana? Ɗora ɗan yatsanka a jikin sandar, ba kan mariƙi ba."

Ta gane dogayen sanduna suna rinjayar wuyan hannunsa, ta koma gajeru marasa nauyi. Ta gane soson da ke mariƙin yana shanye motsi, ta sa wuƙa ta fere shi har jikin sandar ya fito. Sabuwar sanda fa, daga kwali! Na ce, "Fusae, kin haukace?" Ta ce in koma ga injina.

Sai rigimar keke. Keken naɗe zare iri biyu ne a wurinmu, wanda ke zama saman sanda, da babban yatsa ake tsai da shi, da wanda ke rataye a ƙasa. Katsutoshi na sama ya sani, na ƙasa yakan ce na yara ne da masu yawon hutu. Ta bar shi ya gwada na saman da hagu a filin ajiye motoci. Jifa ɗaya zaren ya cukurkuɗe kamar taliyar da ta kwana. Ya warware, ya sake, ya sake cukurkuɗewa. Da ya gaji ta miƙa masa na ƙasan, ta riga ta mai da mariƙin juyawar ɓangaren dama, ta sa masa ƙaton ƙulli da mataccen hannun zai iya turawa.

"In wani ya gan ni da wannan?"

"Wa zai gan ka? A Osaka ma ba wanda zai gan ka."

Zaren roba da ya saba da shi ta cire, ta ce yana miƙewa, yana haɗiye cizo kafin ya iso hannu. Ta ɗaura masa siririn saƙaƙƙen zare da ba ya miƙewa ko kaɗan. Manyan kifayen katakonsa masu ƙugiya uku-uku kuwa ta zuba a kwali. Tanar roba ta ba shi, 'yar ƙarama, da ƙwayar dalma a ƙasa. Ranar kam ya zage ta, ya zage ni da ban ce komai ba, ya zagi likita.

Akwai abin da ni kaɗai na sani. Wata safiya na leƙa aron almakashi, suna cikin gwaji, ba ta gan ni ba. Ta kai Omi-Maiko, yatsa bai tashi ba. Sai ta ci gaba, sandar na maƙogwaronta, muryarta ƙasa-ƙasa: "Kada ka bar ni ni kaɗai a shagon nan." Na koma da baya a hankali. Daga baya na lura kullum da wannan take rufewa. Tausayinta ya kama ni, ga haushin Katsu da yake zaune kamar buhun shinkafa.

Sai da zafi ya fara sauka yatsan ya tashi. A Horai ya tashi. Ta duba tawul ɗin da kyau ko ya zame, ta sake. Ya sake tashi. Ba ta yi murna ba, ta ce, "Maƙogwaro ba kifi ba ne."

Aka gama yankan shinkafa, Mihoko ta zo da mota da akwatuna biyu babu komai a ciki. Da safe na sauke jirgin a ruwa. Ina ɗaga kai sai ga Fusae da rigar ceto har wuya da komar kwasar kifi a hannu.

"Ina zuwa haka?"

"Hannun damansa ba zai iya ɗago kifi ba. Kai kuma ban yarda da bakinka ba. Ka ga zare ya motsa ka ce tak, sai na jefa ka ruwa."

Ko babbar gadar tafkin ba mu wuce ba Fusae ta fara amai. Mihoko tana shafa mata baya tana cewa mu koma, ita tana kaɗa hannu a ci gaba. Na tsai da jirgin a gefen ciyawar da Katsutoshi ya fi sani. Ya jefa tanar. Jifar ba kyau, amma ta faɗa ruwa.

Rana ta ɗaga. Ina kallo zare ya yi ɗan tsalle, ya tafi gefe. Kifi ne, ko makaho ya gani! Na cije leɓe har sai da na ji gishiri. Katsutoshi bai motsa ba, kifin ya tofar. Mihoko ma ta gani, ta sunkuyar da kai. Fusae ta ɗago daga bakin jirgi, fuskarta kamar ganyen kabeji.

"Baban Mihoko, rufe idonka."

"A kan ruwa?"

"Kana neman sa da ido, shi ya sa. Rufe. Sassauta riƙon."

Ya rufe. Ya ja dalmar a hankali, yana tsayawa. Can sai na ji yana magana shi kaɗai. "Ciyawa. Ciyawa. Wannan dutse ne." Rabona da jin wannan tun kafin ciwon. Ɗan yatsansa na kwance a jikin sandar da aka fere. Ni ban ga komai a zaren ba, ko kaɗan.

"Ga shi," ya ce, ya fizga.

Sandar ta lanƙwasa. Mataccen hannun ya tura ƙullin, ya kuɓuce, ya sake kamawa. Ina ihu, Mihoko na ihu, ba wanda ya san abin da yake faɗa. Fusae ta rarrafo da gwiwa ta zura komar, ta kuskure, ta sake zurawa, ta ɗago. Bas ne da bai fi tsawon takalmina ba. A da Katsutoshi ko hoto ba zai yarda a ɗauke shi da irinsa ba. Ya riƙe shi da hagu yana kallo, Mihoko ta rufe baki tana kuka.

"Baba, na ga na farkon ya wuce ka. Wannan ban ga komai ba."

"Ba a gani," ya ce. "Akwatunanki, ki zuba tsumammen kifin da uwarki take yi a ciki ki kai wa mijinki."

Sannan ya juya ga matarsa, wadda ta koma ta rungume bakin jirgi.

"Ke, in tambaye ki. Kullum bayan Omi-Maiko akwai abin da kike ƙarawa. Ya fi sunan tasha tsawo, kuma sandar rawa take yi daban. Tun kafin in ɗaga yatsa shi na fara ji. Mene ne?"

Na juya ina taɓa injin da ba abin da ya same shi. Na ɗauka za ta ce ya riƙe sandarsa ya bar surutu. Sai ta goge baki da bayan hannu, ta dube shi ido cikin ido.

"Cewa nake kada ka bar ni ni kaɗai a shagon nan."

Katsutoshi ya miƙa min kifin, ya share hannun a wando, ya tura mata ƙugiyar.

"To ina za ni?" ya ce. "Sa min wata tanar, wannan ta yage."