Ranar da na yi musun Kawu a banki

Akwai wata safiyar Talata da ba za ta bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun shuɗe, amma ina tuna ta kamar jiya aka yi.

A Magarya aka haife ni, can na yi lakwal, wato makarantar boko, daga baya na samu tafiya Faransa ƙaro karatu a fannin lantarki. Da zan tafi, Inna ta ba ni lambar wani dattijo mutumin ƙauyen Guci da ke zaune a can, wanda suka tashi gida a jikin gida. Ba jini ya haɗa mu ba, amma Kawu nake ce masa. Shi ya tarbe ni, a ɗan ɗakinsa na zauna wata biyar, ni a katifa shi a tabarma, wai bayansa ya fi son ƙasa. Aikinsa sharar titi, ƙarƙashin ma'aikatar gari, ya fi shekara ashirin yana yi.

Da na gama karatu na samu aiki a wani kamfani mai gyaran injinan masana'antu. Na canza unguwa, na canza sutura, ziyarar Kawu kuma ta fara yi mini nauyi. In na hango shi da koren kayan aikinsa ina tare da abokan aiki, sai in sake hanya. A lokacin ina ce wa kaina ba lokaci ne babu. Yau na san ƙarya nake yi.

Sai ga shugabanmu ya kira ni ya ce aikin ya koma na yawo, masana'antun suna bayan gari inda jirgin ƙasa ba ya zuwa. In ban samu mota ba kafin ƙarshen wata, ba zai sabunta mini kontira ba. In kuwa ba kontira, takardar zamana ta mutu, sai in tattara in komo gida hannu rabbana.

Na je banki neman bashin mota. Matar da ta karɓe ni ta duba takarduna ta ce albashina ba laifi, amma ni baƙo ne, takardar zamana ta shekara guda ce. Ba za su ba ni ba sai na kawo wanda zai tsaya mini, mai aikin dindindin da takardar dogon zama. Na tuntuɓi abokan aiki uku, waɗanda nake sake hanya dominsu. Kowa ya ba ni uzuri mai kyau.

Haka na kama hanyar gidan Kawu, bayan wata takwas ban leƙa shi ba. Bai ce mini ina ka shiga ba. Ya zuba mini tuwo da miyar kuka, ya bari na ƙoshi, sannan ya saurare ni.

"Ni dai ban taɓa cin bashin banki ba," in ji shi, "ina tsoron ruwan da suke ɗorawa. Amma tunda abincinka ne a ciki, Allah Ya yafe mana. Yaushe ake so in zo?"

Ranar Talata na riga shi zuwa, na sha kwat. Muna ta hira da matar cikin faransanci mai santsi, har na ƙara gishiri na ce mahaifina babban ma'aikaci ne a ƙasarmu, alhali ɗinki yake yi a bakin kasuwa. Sai ga Kawu ya shigo da koren kayan aikinsa, takalman sun jiƙe, yana rungume da wata tsohuwar jaka. Awa guda ya roƙa a wurin aiki, bai samu sukunin komawa gida ya sake kaya ba. Ya gaishe ta da faransancinsa na titi, ya ɗosana a bakin kujera.

Ta dube shi ta dube ni, ta ce, "Mene ne tsakaninku?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Wani ɗan ƙasarmu ne kawai. A masallaci muke haɗuwa, ban san shi sosai ba."

Na ɗauka saurin maganar zai sa ta wuce shi. Wauta ke nan, mutumin da ya fi shekara ashirin a cikinsu. Bai ko motsa ba.

Matar ta juya gare shi tana magana a hankali, ta ce ya gane cewa in na kasa biya daga albashinsa za a riƙa cirewa? Ya tabbata zai ɗauki wannan nauyi saboda wanda bai sani ba?

Kawu ya dube ni ya ce da Hausa, "Gaya mata da kyau, kai da ka iya bakinsu. Ka ce na san uwarka, na san gidan da ka fito. Ka ce in ka gudu ni ina nan."

Da bakina na fassara mata, kalma bayan kalma. Tana saurare tana jujjuya takardu, sai ta tsaya a kan wata tsohuwar takardata ta ɗalibta, ta jera ta da takardar zaman da Kawu ya miƙa mata. Ta ce, "Amma ai adireshinku ɗaya a nan." Ta yi mini wani kallo da har yau ina ganinsa, ba na fushi ba, na wanda ya gama gane ka. Sannan ta buɗe jakar Kawu, takardun albashi ne jere tun daga watansa na farko, ko ɗaya bai ɓata ba. Ta miƙa masa alƙalami da hannu biyu, ta ce mini, "Ka sani, a kan darajar mutumin nan za a ba ka."

Da muka fito na rasa inda zan sa idona. Ya duba agogo ya ce, "Bari in koma, lokaci ya yi. In ka kira uwarka ka gaishe ta." Ya juya ya tafi.

Na samu motar, aikina ya tsira, ban taɓa latti wajen biya ba. Amma na kasa haɗa ido da shi. Da ya ajiye aiki zai komo gida, ni na kai shi filin jirgi, ita ce shigarsa motar ta farko kuma ta ƙarshe. Tun daga ƙofar gida nake tauna maganar, har muka rabu ban furta ba.

Sai bayan shekara uku na zo hutu Magarya. Inna ta ce duk wanda ya je Guci sai Kawu ya ba shi labarina, wai ɗan kirki ne mai riƙon zumunci. Wannan yabo ya fi zagi ciwo. Washegari na ɗauki babur ɗin ƙanena na tafi. Na same shi a gona ana cirar gyaɗa, ya yi furfura fat. Muka zauna a inuwar gawo, na tsuguna na ce, "Kawu, ka yafe mini abin da na faɗa a banki."

Ya ɗebi gyaɗa yana ɓarewa, ya ce, "Na ji ka ranar, kuma ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Har na yi niyyar tashi. Sai na ce in na fita wa zai tsaya masa?" Ya zuba mini gyaɗar a tafin hannu. "Ni ma na shekara goma ina zuwa garin nan ina ce musu a biro nake aiki, wato ofis. Na san ciwon da ke damunka, na yi shi. Tashi ka zauna, na yafe."

Na yi kuka a gaban masu cirar gyaɗa, ban damu da wa ke kallo ba.

Abin da na koya shi ne, baƙunta tana sa mutum ya ji shi ƙarami ne, sai ya nemi wanda zai taka don ya ƙara tsawo, kuma yawanci wanda ya fi kusa da ƙafarsa shi ne wanda ya goya shi. Tun daga ranar, in aka tambaye ni mene ne tsakanina da wani, ina faɗar gaskiya da ƙarfi, ko wane irin kaya ya sa.