Saniyar da na hana a yanka

Ba a daɗe da cire Kabi daga Sakkwato ba, saniyar Inna ta haihu a Kashin Zama, washegari ta kwanta ta kasa tashi. Kunnuwa sanyi ƙalau, ta naɗe wuya ta ɗora kai a haƙarƙari. Ita kaɗai Inna ta gada, nononta muke sha.

A wajenmu ba a jiran dabbar da ta faɗi, wuƙa ake sa mata kafin ta zama mushe. Da hantsi Kawu, yayan Inna, ya iso da mahauci daga Aliero.

Ni kuwa na tuna malamin kimiyyarmu na sakandare. Ya taɓa zana mana ƙwayar halitta a allo, ya ce kowace tana da ɗan rumbu na kalsiyam, sinadarin nan na ƙashi da nono. Saƙo in ya zo bakin ƙofa ba ya shiga. Wani ɗan aike ne ke ɓallewa daga bango ya ruga ya buɗe rumbun, kalsiyam ya zubo, naman jiki ya motsa. Ya ce nono kan kwashe shi daga jinin saniya mai jego har ta faɗi, allura kuma tana tayar da ita. Sunan ɗan aiken ya ɓace mini, rumbun dai na riƙe shi.

Sai na je na zauna daram, na rungume wuyan saniyar daidai inda wuƙa za ta bi.

"Ke ɗiyag ga, tashi!" in ji Kawu. "In ta mace, ke za ki ci mushen?"

"Ni zan ci, Kawu, har ƙashi. A kira malamin dabbobi na Jega."

Mahauci ya tuntsire da dariya. "To, likita, mu da wuƙa mun zan 'yan kallo?"

"Ku yi ta kallo."

Inna ta miƙe. Mayafi ta yafa, ta nufi bakin hanya da kanta don kiran malamin dabbobin.

Tsoro? Na ji shi. Ƙuda suka cika ni, mahauci na wasa wuƙa kusa da kunnena da gangan. Ban motsa ba.

Bayan azahar malamin dabbobin ya iso kan babur, ya ɗura wa saniyar ruwan kalsiyam ta jijiyar wuya a hankali. Ta yi makyarkyata, ta yi gyatsa, ta zubar da kashi. Kafin la'asar ta miƙe, ɗan maraƙin ya kama nono.

Kawu ya kaɗe riga. "Daman kwananta bai ƙare ba."

"Gaskiya ne, Kawu. Amma da na tashi, da tun hantsi ya ƙare."